Kawu Bawa da Masu Gadin Rumbu Ɗaya

Duk wanda ya san Kawu Bawa na Tsamaye ya san gaisuwarsa ba ta ƙarewa a musabaha. Kana cewa "lafiya lau", sai ka ji yatsa a ƙugunka, ya ja mazagin wandonka. "Lahiya lau? To wandon ga mi ya same shi yake zamewa?" Ko liman bai tsira ba!

Shi ne shugaban ƙungiyarmu ta taimakon magidanta da samari, a shekarun farin nan da gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Abin da ƙungiyar ta mallaka duka rumbu ɗaya ne a bayan gidansa, kuma ko kaza ce ta gitta wurin sai ya bi ta da harara. Wani Alhaji mai fatauci zuwa Nijar ya kawo mana sadakar buhun gero. Kawu ya naɗe hannun riga, ya zura hannu har kafaɗa yana laluben yashi.

"Haba Bawa! Ni kaka zargi?"

"Subhanallahi, Alhaji! Kai mutumen kirki na. Buhun na ban san halinai ba."

Amma wahalar ƙungiyar ba ta gero ba ce, ta mazan ce. Bagobiri ya yarda ya kwana da yunwa, amma ya ɗauko ƙwarya ya bi layi 'ya'yansa na kallo? Ina! Sai ya fito dandali da tsinken sakace a baki, kai ka ce daga kan nama ya tashi. Babana, ƙanen Kawu, shi ne gwaninsu. An kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidanmu ba, har ya fara zancen ya kai ni garin Isa ya bar ni wurin 'yan dako. Wallahi na ji tsoro ƙwarai.

Kawu ya tare shi a dandali. "Mi kac ci?"

"Tuwo da nama."

"Naman wa? Akuyar ƙarshe ta garin ga da hannuna nib binne ta!"

Baba ya kaɗa riga ya wuce. Washegari da sassafe sai ga Kawu yana kururuwa: ɓarayi! Ga sawun takalmi a gindin rumbu! Nan take ya naɗa Baba mai gadi, ladansa tiyar gero. "Ba sadaka ba ta, aiki na. In ƙwaya guda ta ɓace, za ni kai ka Sabon Birni gaban alƙali."

Ba a jima ba ya ce shi fa bai yarda da ƙanen nan nasa ba, ya ɗauki Mamman maƙeri ya riƙa sa masa ido. Mamman ma idonsa bai kwanta wa Kawu ba, aka samo mai gadin Mamman. Mu samari aka ce mu lura da dattawan. Kafin rani ya raba, rabin mazan gari na kewaye da rumbu ɗaya riƙe da sanduna, kowa na hararar kowa, kowa na komawa gida da tiyarsa. Zancen kai ni Isa kuwa ban sake jin sa ba.

Wani tela ya ce shi dai sawun nan ya yi masa kama da takalmin Kawu.

"Idonka na gani haka? Ɗauko sanda, kai ma ka kama gadi!"

Ranar da ruwan shuka ya sauka, Kawu ya yanke jiki ya faɗi a gona, bai sake tashi ba. Baba ne ya yi masa wanka. Ya fito ya zauna a ƙasa, ya buɗe hannu: tsinken sakace ne, daga aljihun Kawu. Baba ya ce mazagin wandon Kawu sai da ya zagaye ƙugunsa sau biyu kafin ya ɗauru.

Duk yawanmu masu gadi, babu wanda ya taɓa jan mazagin Kawu.

Allah Ya jiƙan Kawu Bawa, Ya ƙosar da shi, Ya rufa masa asiri yadda ya rufa mana.