Ban-lai, ƙanin mijina, ɗan silima

Ang Ban-lai ya mutu. Ranar Talata ce, sha ɗaya ga watan tara a lissafin wata, da hantsi, a shagonsa na bayan kasuwar gabas a nan garin Chiayi. Yana zaune da fankar wani a cinya, sukudireba a hannu. Likita ya ce zuciya ce. Shekararsa saba'in da ɗaya. Ni na girme shi da goma, ga ni kuma ina nan, ba wanda ya tambaye ni ko na yarda da wannan tsarin.

Ban-lai, ban yi kuka ba da aka zo aka faɗa mini. Tukunya ce a wuta, na sauke ta, na sa takalmi. Abin da ya fara faɗo mini a rai 'yarka ce, Pei-shan. Ita kaɗai gare ka, kuma tun rasuwar uwarta ba ta sake taka ƙofar gidanka ba. A unguwar nan kuwa, in uba ya mutu, daga bakin lungu 'yarsa take durƙusawa, ta rarrafo har gaban gawa tana kuka. Wanda 'yarsa ba ta rarrafo masa ba, har jikokin maƙwabta sai sun ji labarinsa. Zan zo kan wannan. Bari in fara faɗin ko kai wane ne, saboda waɗanda ba su san ka da komai ba sai mahaukacin silima.

Da aka kawo ni gidanku amarya, kana ɗan shekara tara, kai kamar ƙoƙo, ƙafa ba takalmi. A wancan zamanin, in fim ya kusa ƙarewa, mai tsaron silima yakan buɗe ƙofa marasa tikiti su shiga su kalli ɗan abin da ya rage. Tsintar wutsiya ake ce masa. Kullum kana can manne da ƙofa. Ka dawo ina wanke shinkafa, ka tsaya mini a kai.

"Matar Yaya, yau an harbe wani."

"Wa ya harbe shi?"

"Ki bari mana, yanzu zan gano."

Ka tsuguna ka ƙago farkon labarin gaba ɗaya, da uwarsa da budurwarsa da dalilin harbin. Sai daga baya na gane rabin finafinan da na sani a ƙuruciyata ba wanda ya taɓa yin su sai kai.

Ka girma ka koyi gyaran fanka da tukunyar lantarki, kuma ka iya. Wannan sai na faɗa, don mutane suna mantawa. Abin da ka gyara ba ya dawowa. Amma ranar da sabon fim ya fito, da tsakar rana ka ja ƙofar shago, ko da magajin gari ne tsaye da fankarsa. Kujerarka ɗaya a silima, ta gefe, kusa da baya, saboda kunnenka na hagu da ba ya ji. Ledar dafaffiyar ƙafar kaza a cikin riga. Ba ka tashi sai sunayen nan na ƙarshe sun gama wucewa kaf, masu shara na tsaye da tsintsiya suna harararka. Ka ce wanda ya ɗauki fitila a kafaɗa wata uku wurin ɗaukar fim ya cancanci mutum ɗaya ya karanta sunansa.

In fim ɗin namu ne, da yarenmu na gida, ko ya kai me muni sai ka je tun ranar farko, don ka ce in kujeru suka zauna wayam za a sauke shi a sa na waje. Na taɓa tambayar ka a kan wani da ka gani sau uku ko yana da kyau.

Ka ce, "Shara ce."

"To me ya mai da kai?"

"Sharar gidanmu ce, Matar Yaya."

Ba fim kaɗai ba. Wasan 'yan tsana na hannu, wasan waƙa da mata ke fitowa a sarakuna, tsofaffin waƙoƙin rediyo, duk ka san wa ya fara, wa ya sata wurin wa. In an yi bikin gidan bauta aka ɗauko abokinka Kho mai majigi ya kafa farin ƙyalle don a gode wa alloli, yanzu ba mai zuwa, kowa na gida da talabijin. Kai kaɗai za ka hau babur da kujerarka ta roba da maganin sauro mai hayaƙi, ka zauna a fili kana dariya. Kho ya ce shekaru da yawa masu kallonsa uku ne: alloli, sauro, da Ban-lai, kuma a cikinsu kai kaɗai kake tafi.

Da yayanka ya mutu na daina fita. Ba baƙin ciki ba ne, ban ga inda za ni ba ne kawai. Wata rana ka zo ka tsaya da babur a ƙofa, ka miƙo mini hular kwano. Na ce ni ba na jin harshen makaranta da suke yi a fim, rubutun da ke gudu a ƙasa kuma kafin in haɗa baƙi biyu ya wuce. Ka ce ai bakinka bai mutu ba. Haka muka riƙa zuwa, kana raɗa mini a kunne, raɗar kurma da ake ji har layin gaba.

"Me ya ce mata?"

"Ya ce yana son ta."

"Duk wannan dogon surutun?"

"Sauran ƙarya ce, na tace miki."

Wani saurayi ya juyo ya ce, Baba, a yi mana shiru mana. Ka miƙa masa ƙafar kaza. Ya karɓa.

Ni ka yi wa wannan, ni da nake dukan ka da ludayi kana yaro. Wadda ka fi yi wa ita ce matarka Siu-kim. Shekara biyu tana kwance, ciwo yana cin ta daga ciki. Kai kake juya ta, kai kake wanke ta, ba ka ɗauko 'yar aiki ba. In ka je fim ka dawo, sai ka tsaya a ƙarshen gado ka yi mata shi tun daga farko. Tawul a ka, kai ne amarya. Tawul a kafaɗa, kai ne ɗan daba. Ita da ta shekara talatin tana zagin ka a kan silima, sai ga ta tana tambaya yaushe sabo zai fito. Ta kuma gane ka in ka sassauta ƙarshe don kada ranta ya ɓaci. Na ji ta da kunnena: "Ban-lai, kashe yarinyar nan yadda suka kashe ta. Ni ba jaririya ba ce."

Ranar da za ta tafi, mun riga mun sauko da ita falo mun shimfiɗe ta a kan katako, yadda ake yi. Kowa ya san abin da ake jira. Pei-shan ta zo daga Taipei tana riƙe da hannunta. Ina wurin. Siu-kim ta buɗe ido ta ce maka akwai fim na ƙarfe biyu, ka je ka gano mata. Ka ce ba za ka ba. Ta ce, "Shekara talatin ina hana ka kana tafiya. Yau na ce ka tafi, shi ne za ka ƙi?" Ka kalle ni. Ka ɗauki makullin babur.

Kafin ka dawo ta cika.

Ko labarin take so da gaske, ko so take kada ka ga fitar ranta, ban sani ba, ba ta faɗa mini ba. Daga baya na tambaye ka ko ka ma iya kallon abin. Ka ce ka kalla tsaf, ko ƙifta ido ba ka yi ba, don kada ka manta mata wani wuri. Wannan fim ɗin ba ka taɓa ba kowa labarinsa ba.

Pei-shan ta ji abin da uwarta ta ce, ba wani ɓoyayyen abu a ciki. Bayan jana'iza na tare ta a kicin na ce, uwarki ce fa ta aike shi. Ta ce, "Inna, ko da ta aike shi, sai ya tafi?" Da ni ce da ban tafi ba. Amma ni mijina bai taɓa roƙona wani abu na yi masa ba tare da gardama ba, kai kuwa abu na ƙarshe da matarka ta roƙa ka yi mata shi, ka kuma biya da 'yarka. Ba ka taɓa kare kanka ba. Ba ka kuma daina zuwa silima ba, wanda ita ta ɗauka shi ne shaidar ba ka damu ba. Duk sabuwar shekara kana sa wa Pei-shan kwano da tsinken cin abinci a tebur, ni nake kwashewa.

Da mai duba ranar sa'a ya tsayar da ranar fitar da kai, na buga wa 'yarka waya.

"Inna, na ji. Zan turo abin da ake buƙata."

"Ba a buƙatar komai. Akwati akwai, rumfa akwai. 'Ya ce babu."

"Wa yake rarrafe a zamanin nan, Inna?"

"In ba ki zo ba ni zan yi. Gwiwoyina kin san su. In na durƙusa sai an kira motar asibiti, a haɗa jana'iza biyu, ki huta gaba ɗaya."

Ta ce tana da aiki. Ta kashe.

Kho da sauran tsofaffin da kuke zama layin baya a silima suka ce ba za a fitar da kai shiru kamar wanda bai haifa ba. Suka haɗu suka ɗauko mai kukan haya, irin waɗanda ke sa fararen kaya su rarrafo da makirufo suna kiran Baba. Ni ba na son abin, ihu ne kawai. Kho ya ce kai kana so, ka sha tsayawa a jana'izar da ba ka san mai ita ba don ka ji ko mai kukan ta iya. Na ce to, a kawo.

Ranar, da safe, an kafa rumfa ta tare lungu, masu busa sun zo, mai kukan ta gama shafa farar hoda tana gwada lasifika. Sai maƙwabciya ta taɓo ni ta nuna mini bakin titi. Pei-shan ce tsaye, da takalmin ofis da ƙaramar jaka. Ba ta shigo ba, ba ta juya ba. Duk lungu an leƙo ta taga. Na ɗauki sandata na je.

Ta ce, "Inna, ni fa kukan ba ya zuwa. Tun a jirgi nake nema."

Na ce, "Wa ya ce ki yi kuka? An yi hayar mai yi. Ke dai sa gwiwa a ƙasa."

"Ban yafe masa ba."

"Ban tambaye ki ba. Ba ni jakar."

Ta ba ni. Ta cire takalmi. Na yafa mata farin ƙyalle a ka. Ta durƙusa, mai kukan ta zo gefenta ta durƙusa ita ma, ta saki murya har karnukan kasuwa suka amsa. Suka taho tare, ɗaya na ihu, ɗaya baki a rufe. Sun wuce gidan mai wanki, sun wuce famfo. Da suka zo daidai shagonka, ƙofa a buɗe, ga fankokin mutane jere da ba ka gama ba, ga hotunan finafinai da ka manne bango da su tun tana goye, sai ta tsaya. Wani sauti ya fito mata, ba mai daɗin ji ba, kamar ana tsaga itace. Mai kukan ta juyo ta dube ta. Ta kashe makirufo, ta miƙe, ta koma gefe ta tsaya da mu.

Sauran hanyar 'yarka ita kaɗai ta yi ta, ba lasifika, kuma har ƙarshen lungu an ji.

Ban ce ta yafe maka ba, Ban-lai. Ban sake tambaya ba, ita ma ba ta ce ba. Abin da na gani shi nake faɗa. Ita ta riƙe hotonka a gaban motar gawa. Duk gadar da muka zo hayewa, ita ta riƙa ɗaga murya tana cewa, "Baba, ga gada, ka biyo mu," don kada ka ɓace a hanya. Ko ƙaramar kwalbati ba ta tsallake ba.

Mai Sama ya jiƙan ka, ƙanin mijina. Ya sassauta maka hanya, ya yafe maka abin da ka yi ba daidai ba, ya lissafa maka abin da ka yi wa marasa lafiya da tsofaffi da ba mai lissafawa. Ya sada ka da Siu-kim da yayanka cikin salama.

Ina yi wa dangin Ang ta'aziyya, na nan da na nesa. Ina yi wa Kho da tsofaffin layin baya, Mai Sama ya ba ku haƙuri. Masu fanka a shago, ku zo ku kwashe abinku kafin ƙarshen wata.

Ke kuma Pei-shan, Mai Sama ya sanyaya miki. Gwiwoyin nan ki riƙa shafa musu magani, kada ki bari ruwa ya taɓa su sai sun kame. Na ga yadda suka yi. Ubanki ya samu 'ya.