Ranar da Kwamfutata Ta Ce Babu Wuri

Shagona a Kasuwar Umdurman tsakanin mai kayan yaji da tela yake, ƙanƙane ne har idan na yi atishawa tela ke cewa alhamdu lillahi. Aikina juye tsofaffin kaset na bidiyo zuwa waya. Kwamfutata kuwa tsohuwa ce, ina zargin ta girme ni.

Wata rana da hantsi wata Hajiya daga unguwar Mayo ta zo da kaset a naɗe cikin gefen mayafinta. Marigayi mijinta ne a ciki, lokacin suna aikin auduga a Jazira, kuma ba ta da muryarsa a ko'ina sai nan. Zaren kaset ɗin ya yi laushi kamar dafaffiyar taliya. Na saka, muka yi nisa, sai kwamfuta ta sandare. Na kashe na kunna, duk abin da aka ɗauka ya tafi. Zaren kuma ya fara tattarewa. Na san in ya sake zagayawa sau ɗaya lafiya, to an yi mana rahama.

Na kira ƙanwar matata, wadda ke kula da manyan kwamfutoci a wani ofis a Khartum. Ta iso a raksha, babur mai ƙafa uku, tana fifita da gyale.

"Mijin Yaya, me ka kashe yau?"

"Ni? Ita ta suma don ta ji za ki zo."

Ta zauna ta buɗe wani baƙin allo, ta yi ta karatu, sai ta fashe da dariya. Ta ce kwamfuta tana da ƙwaƙwalwar aiki, mai sauri, wadda ke mance komai da an kashe ta, tana kuma da rumbun ajiya. A cikin ƙwaƙwalwar ake yanka wani ɗaki na tarkacen wucin gadi. Wanda ya haɗa mini injin, mutumin unguwarmu, ya ba ɗakin nan izinin cin ƙwaƙwalwar gaba ɗaya.

"To laifi ne?" na ce. "Ɗan Umdurman ne. Mu ba ma ce wa baƙo wuri ya ƙare."

"Shi ya sa ranar sunan ɗanka ka kwana a kan titi."

Gaskiya ta faɗa. Baƙi sun cika gidan har na nemi izinin shiga banɗakina.

Ta ce haka ya faru da injin: bidiyo ya yi ta kwarara cikin ɗakin har ita kwamfutar ta rasa inda za ta yi tunani. Ta rubuta layi guda, wallahi bai kai tsawon yatsana ba, ta yanke wa ɗakin rubu'in ƙwaƙwalwa. Bidiyon kuma ta juya shi ya riƙa sauka kai tsaye a rumbu. Don ta gwada, ta tura wa ɗakin wani ƙaton fayil. Na rufe ido ina jiran suma. Sai injin ya rubuto cewa babu wuri, ya ci gaba da harkarsa lafiya lau.

Jama'a, tsigar jikina ta tashi. Na kai shekarun nan ban taɓa ganin abin da ya ce babu wuri ya zauna lafiya ba. Layi ɗaya! Na dube ta kamar ta tsayar da Nilu da cokali.

"Rufe bakin, ƙuda zai shiga. Sa kaset ɗin."

Na yi bisimilla na tura. Zaren na ƙara, ni ina zufa, tela ya tsayar da kekensa, mai yaji ya leƙo. Ga gona fara fat, ga wani siririn mutum da rawani yana dariya, yana ce wa mai ɗauka ya matsa kada ya taka masa shuka. Injin bai ko yi tari ba har hoton ya ƙare, zaren ya fito a yamutse.

Na tura wa Hajiya a wayarta. Ta kunna, ta kara a kunne. Can ta ce, "Ji shi. Ko gaisuwa babu, sai faɗa."

Ta sake kunnawa daga farko.