Allura guda Kawu ya ƙi

Na shiga gidan Kawu a Tsamaye na iske ɗansa Bashiru rub da ciki, wuya a sanƙare, baya cike da siraran allurai kamar bushiya. Wani mai maganin gargajiyar ƙasar Sin da aka ɗauko daga kasuwar Sabon Birni yana gefe yana dafa saiwoyi.

Sanƙarau ne ya sake dawo masa, ga fari, ga zafi. Jiya likita a asibitin garin Isa ya ce sai an sa allura an ɗebi ruwan bayansa an auna, Kawu ya ɗauke ɗansa ya taho gida.

Na ce, "Kawu, allura guda kun ƙi, kun yarda da wannan tulin?"

Ya ce, "Ta asibiti ɗiba takai, ɗiyata. Wagga ba ta ɗaukar komi. Shekarar da rijiyoyi sunka ƙahe, wa ka yarda a rage mai ruwan jiki?"

Na ce za ni maida shi asibiti ko za a yi fushi da ni. Aka zare allurai, muka hau mashin.

Yanzu Bashiru na kwance ana yi masa ƙarin ruwa. Sai da Kawu ya ga leda na ɗiga sannan hankalinsa ya kwanta.

Masu dattawa irin nawa, da wane baki kuke shawo kansu?