Ranar da Na Ratsa Zauren Liman

Bayan na haifi ɗana na uku maigidana ya daina yi mini magana. Ba faɗa muka yi ba. Baduku ne a Jakara, zai dawo da yamma, ya ci tuwo, ya juya wa fitila baya. In na tambaye shi sai ya ce, "Ba komai."

Na fara kai kuka gidanmu a Soron Ɗinki. Innata ta ce in yi haƙuri, haka maza suke. Gwaggota ta kawo rubutu a gora, ta ce in zuba masa a kunu kada ya sani. Maƙwabciyata kuma ta shigo da tsumi da turare, tana cewa gyara ne ban yi ba. Rubutun ni na shanye shi da bisimilla. Ban ga dalilin ɗura wa mutum abu a ɓoye ba, alhali bakinsa nake so ya buɗe.

Wata Laraba bayan la'asar na sa hijabi na nufi gidan limamin unguwa, wanda maigidana ke ɗaukar karatu a wurinsa. Zauren cike yake da maza. Na yi sallama na durƙusa.

Liman ya ce, "Malama, cikin gida za ki?"

Na ce, "Wurinka na zo, Malam. Ɗalibinka ya daina magana da iyalinsa, kuma ba zan tashi ba sai an kira shi."

Aka watse, aka aika Jakara. Da maigidana ya iso ya zauna gaban liman, kansa a sunkuye. Ya ce idonsa ne ke mutuwa, ba ya ganin ramin allura, kuma kunya ta hana shi faɗa mini.

Na ce, "Da ka makance, wa zai riƙe maka sanda? Ba ni ba ce?"

Liman ya yi dariya, maigidana bai yi ba. Amma washegari tare muka je asibitin ido, aka ce yanar ido ce, aka yi masa aiki.

Innata ta yi fushi, wai na tona asirin aurena a gaban maza. Har yau a gidan biki akwai masu nuna ni da baki, suna cewa ga wadda ta kai ƙarar miji. Nakan juya in gaishe su da kyau, in ce ni ce.