Mindar da Aka Goge wa Fuska

Ko da tsufa zai kwashe mini duk abin da na sani, ba na jin zan manta da ranar da aka kai ni gaban wata tsohuwa a Garwa don in yanke hukunci a kan abin da ta gada daga mahaifinta.

A lokacin ina koyar da Jamusanci a lise, wato makarantar sakandare, kuma ina da wata jaraba da matata ke kira haukan ƙarfe: tara tsofaffin lambobin yabo na sojan Jamus da na Ostiriya. Na fara da guda ɗaya da na tsinta a kasuwa cikin tarkacen wani dillali, daga nan abin ya shiga jinina. An sha cuta ta da na jabu kafin idona ya buɗe. A hankali mutane suka san ni, duk wanda ya tono wani tsohon ƙarfe a akwatin kakansa sai ya kawo mini.

Wata Asabar wani tsohon ɗalibina ya zo da babur ya ce kakarsa na nemana. A hanya ya ba ni labari yana dariya. Tsohuwar tana da wani faifan azurfa da take cewa Jamusawa ne suka ba mahaifinta lokacin da yake soja. Ƙanwar ɗalibin nawa za ta yi aure, gidan kuma na son a kai wa maƙeri ya narkar da shi a yi wa amarya 'yan kunne. An yi ta ja, har tsohuwa ta gaji ta ce a kira masani; in ya ce ba na gaske ba ne, a narke.

Na same ta a gindin darbejiya, 'yar ƙarama, idonta tar. Muka gaisa da Fulatanci, sannan ta koma Hausa.

"Kai ne malamin minda? To ga ta, ɗana. Ka faɗi gaskiya don Allah, kada ka ji kunyar furfurata."

Jikan ya ce, "Tsohuwa, murfin gwangwani ne fa. Yau asirinki zai tonu."

"Rufe mini baki, mijin banza, ko goro ba ka iya saya mini."

Ta kwance ƙullin tsumma ta miƙo mini. Na jujjuya ta a tafin hannuna. Irin wannan lambar da Jamusawa ke ba sojojinsu baƙaƙe na san ta sarai: gabanta akwai hoton sarkinsu da hular ƙarfe. Wannan kuwa gabanta sumul yake, babu hanci babu ido. Na kanga mata maganaɗisu, bai kama ta ba, alamar dai ba gwangwani ba ce. Na ɗora a ɗan sikelina, ta gaza nauyin da ya kamata. A baya dai ga rubutun nan na Jamusanci cikin zoben ganye, amma masu jabu ma sun iya wannan. Matan gida sun taru a bakin ƙofa, kowa ni yake kallo, ni kuma kalmar "ban tabbata ba" tana kan harshena. Na san a gidan nan wannan kalmar daidai take da hura wutar maƙera.

Don in sami lokaci kawai na ce, "Iya, haka kika tashi kika gan ta, babu hoto?"

"Da hoto mana. Wani Bature mai gashin baki. Baba ne ya goge shi."

"Ya goge? Saboda me?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta dalilin yin alwala. Ta ce mahaifinta ba ya rabuwa da mindar, kullum tana aljihun rigarsa. Da girma ya zo masa ya koma karatu, sai malaminsa ya ce masa bai kyautu mutum ya tsaya salla da hoton wani a jikinsa ba. Ya kasa ajiye ta, ya kuma kasa saɓa wa malam. Sai ya samo dutsen kogi daga Binuwai, duk yamma ya zauna ya ɗiga ruwa yana gogawa.

"Ni ke riƙe masa butar," in ji ta. "Gashin bakin ne ya fi ba shi wahala."

Na ɗauki gilashina mai ƙara girman abu na koma gefen da aka goge. Can sama, kusa da zoben rataya, inda dutse ba ya iya kaiwa, sai ga ɗan ragowar ƙolin hular nan, tsaf, bugun inji, ba zubin maƙeri ba. A bakin da'irar ga gindin haruffa biyu. Nauyin da ya ɓace kuwa yana jikin dutsen kogi. Kuma a duk shekarun da na yi ina wannan harka, ban taɓa ganin mai jabu ya goge fuska ba, don ita ce abin sayarwarsa.

Na ce, "Iya, ta gaske ce. Mahaifinki soja ne, kuma sun yaba masa."

Ba ta yi guɗa ba. Ta dai sunkuyar da kai, leɓenta na motsi. Ni kaina sai da na ji ƙwalla.

Jikan, da yake ɗan zamani ne, ya matso. "Misiye, ke nan Turawa za su saya da tsada?"

Na gaya masa gaskiya, cewa babu mai tara minda da zai taɓa ta, domin a wurinsu ta lalace.

Tsohuwa ta ɗago kai. "Ba mai so?"

"Babu, Iya."

"Alhamdu lillahi. Baba ya yi mini maganin ɓarayin gida da na waje."

Ta ƙulle abinta, sannan ta kai hannu ta zare 'yan kunnen da ke kunnenta ta miƙa wa amarya.

Har yau akwatina cike yake da lambobi masu ƙyalli, amma babu wadda na san mai ita, balle abin da ya sha a kanta. Tun daga ranar, in aka kawo mini abu da tabo a jikinsa, ba na fara ɗora shi a sikeli. Sai na tambayi wanda ya yi tabon, da dalilinsa.