Ƙyandar da ke fitowa a hoto

Kamaluddeen mai hoto ya zo garin nan daga Gusau yana saurayi, ya zauna a rumfar wani ɗan'uwansa a babbar kasuwa, Grand Marché, yana awon gero da masara. Hannunsa ya daɗe a cikin buhu kafin ya riƙe kyamara. Wani direba mai zuwa Kamaru ne ya bar masa ita ajiya, tsohuwa, da igiyar ratayawa ta fata, ya ce zai dawo. Har yau muna jiransa. Kamaluddeen ya fara da hoton suna da na biki, daga baya ya bar gero gaba ɗaya. Maƙwabcina ne a unguwar Habbena, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ranar da akuya ta tauna masa igiyar nan.

Bayan gidajenmu akwai fili inda yaran unguwa ke buga ƙwallo. Da rana ba sa fita, duk wanda ya san zafin garin nan ba zai tambayi dalili ba. Sai an yi la'asar an taso daga Islamiyya suke farawa, kafin wasa ya yi daɗi rana ta yi ja. Yaran nan kuwa ba sa cin ƙwallo sai duhu ya kawo jiki, lokacin da mai tsaron gida ya daina gani sosai. Kamaluddeen ya ɗora wa kansa ɗaukar su hoto, ba wanda ya sa shi.

Ni ina shimfiɗa tabarma a bakin filin, shi ya sa na san matsalarsa. Wata rana ya nuna mini bayan kyamarar, na ga fuskokin yara duk ɗigo-ɗigo, ja da kore da toka-toka, kamar an watsa musu gero an bar shi ya manne.

Ya ce, “Baba Ladan, kyamara ido ce. Yaro yana gudu, dole ta ƙifta da sauri, in ba haka ba ya goge. In ta ƙifta da sauri haske kaɗan ke shiga. Sai in ɗaga mata wata lamba, izo, in tilasta mata ta gani. To in ka tilasta mata, abin da ba ta gani ba sai ta ƙirƙira.”

Na ce ai mutane ma haka suke.

Da abin ya tsaya a tabarmata da ba a yi komai ba. Amma akwai Abbas, yaron da ke ci wa unguwarmu ƙwallo, jikan Hajiya Ruƙayyatu, wadda gidansu ke sayar da atamfa a kasuwa tun zamanin Nasara. Ubansa kullum yana hanya, ita ke riƙonsa. Ranar da Abbas ya ci wata ƙwallo da ka, Kamaluddeen ya wanke hoton ya kai mata da kansa, yana zaton zai sha albarka.

Hajiya ta kai hoton kusa da ido, ta janye shi nesa, ta ce, “Ƙyanda.”

“Hajiya, ba ƙyanda ba ce. Ga shi nan zaune, ki dubi fuskarsa.”

“Idona ya tsufa, Kamalu. A asibiti ma ba hoto ake ɗauka a ga abin da ido bai gani ba? Tana ciki, ba ta fito ba tukuna. Kuma a filin nan ya ɗauko ta, don hotonsa na Sallah tas yake.”

Daga ranar aka hana Abbas ƙwallo, aka fara masa wanka da ganyen darbejiya, ga wasa da yaran unguwar Gassi yana tafe. Yaro ya zauna a zaure yana wari kamar magani, takalmansa suna ƙarƙashin gadon kaka. Kamaluddeen ya koma ya yi bayanin izo har bakinsa ya bushe. Hajiya ta saurare shi da ladabi, sannan ta ce, “Ka kawo mini hotonsa a filin nan, a lokacin nan, yana gudu, fuskarsa tas. Ranar zan ba shi takalmansa. Kalas, magana ta ƙare.”

Ta yarda a riƙa ara masa yaron na ɗan lokaci kafin magariba, kamar yadda ake aron turmi.

Dabara ta farko daga kasuwa ya zo da ita. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana raba hatsi da tsakuwa, rariya ya sani. Ya yanko ta mai laushi, ta tankaɗen gari, ya ɗaura a bakin kyamara da roba. Hoto ya fito ya fi da duhu, ɗigon ya ƙaru, Abbas kuma kamar kaza a cikin akurki. Wannan bai kai wa Hajiya ba.

Sai wani mai gyaran waya ya sa masa wani abu a wayarsa da ke goge ɗigon. Ya goge kuwa. Kamaluddeen ya ja shi har ƙarshe don kada ko ɗaya ya tsira, fuskar Abbas ta fito sumul kamar ƙwai da aka ɓare. Hajiya ta duba ta ce, “Ina hancin?”

“Yana nan, Hajiya, santsi ne ya yi.”

“Ta ci hanci ke nan.” Aka ƙara ganyen darbejiya.

Dabara ta uku ita ce na fi tunawa. Tun da kyamara tana son ta daɗe ido buɗe, ya roƙi yaran su yi wasa a hankali. Yara suka yarda don Abbas. Na zauna ina kallon samari suna ɗaga ƙafa kamar masu tsallake taɓo, ɗaya yana bin ɗaya ba mai cim ma wani. Muntaka mai tsaron gida ya koyi faɗuwa sannu-sannu, yana dafa ƙasa da hannu kafin haƙarƙari ya sauka. Wata mai tallan gyaɗa ta tsaya ta tambaye ni wa ya rasu. Ƙwallon ce kawai ta ƙi ba da haɗin kai. A hoton kuwa Abbas ya fito da ƙafa uku da inuwar kai na biyu. Kamaluddeen ya ce in wannan ya shiga hannun Hajiya, ba darbejiya za a nema ba, malamai za a tara.

Daga nan ya tafi wajen ’yan kilando, masu baburan haya da ke tsayawa bakin kwalta, ya saya musu shayi, suka zo suka kewaye fili suka kunna fitilu. Haske ya samu, Kamaluddeen har da murmushi. Sai dai lokacin damina ne. Duk wani ƙwaro mai fiffike da ke tsakanin Habbena da bakin kogi ya amsa gayyata. Ɗigon kyamara ya ragu, na Allah ya maye gurbinsa, manya-manya, farare, wasu har da ƙafafu.

Hayaniyar baburan ce ta fito da Hajiya. Ta zo da sandarta, da kujerar roba a kan wata jikanyarta, ta zauna kusa da tabarmata muka gaisa. ’Yan kilando suka kashe fitilu suka watse. Ta daɗe tana kallon Kamaluddeen yana fifita ƙwari daga bakin kyamara, sannan ta ce, “Kamalu, zo ka ɗauke ni.”

Ya ɗauke ta. Ta duba. Fuskarta ta fito ɗigo-ɗigo.

“Ni na yi ƙyanda tun kafin a haifi uwarka. Ba ta komawa. Ɗauki Malam Ladan.”

Ni ma na fito da ita. Ta sa ya ɗauki akuyar da ke ɗaure a jikin turke, da turken, da katangar gidana. Ta sa ya ɗaga ya ɗauki sama. Ko'ina ɗigo.

Hajiya ta ce, “Katanga ba ta ƙyanda. Abin nan naka ne ba shi da lafiya. Irin zazzaɓin nan ne mai tashi da yamma. Kana yawo da mara lafiya kana haska shi a fuskar ’ya’yan mutane.”

“Hajiya, ai abin da nake ta faɗa ke nan.”

“Ba haka ka faɗa ba. Izo ka ce.”

A nan ta yanke hukunci. Abbas ya karɓi takalmansa a daren. Kyamara kuma, da zarar rana ta yi ja, a naɗe ta a mayar da ita ɗaka. Washegari ta aiko da ƙyallen atamfa mai kyau da ganyen darbejiya ɗanye a ciki.

Wasan Gassi, Abbas ya ci biyu, duka dab da kiran salla, ba hoton ko ɗaya. Kamaluddeen yana zaune a tabarmata, hannu wofi, yana haddace yadda aka ci. Da safe, haske ya cika gari, ya tara yara aka sake cin su a gaban kyamara. Yaran Gassi sun ce ba za su shiga mota su yi doguwar tafiya don a sake cin su ba, sai Muntaka ya juya rigarsa ya zama mai tsaron gidansu, ya faɗi inda aka nuna masa.

Haka ake yi har yanzu. Kowace ƙwallo a unguwarmu sau biyu ake cin ta, kuma ta safe ta fi kyau, don Kamaluddeen yakan ɗan gyara. Akwai wadda Abbas ya ci da gwiwa bisa kuskure, amma a bangon ɗakin Hajiya da ka ya ci ta, yana sama, fuskarsa tas, ga hanci a inda yake.