Ranar da na zubar da koren ruwan 'yata

Ko za a shafe mini tunani da soso da sabulu, wannan ranar ba za ta fita ba.

'Yata ta biyu tana shekarar ƙarshe a jami'a aka shiga yajin aiki. Ta dawo unguwarmu ta Sabo a keke da galan takwas cike da koren ruwa, ta jera su bayan ɗakina inda rana ke bugawa. Safe da yamma tana girgiza su, tana ɗiga musu taki kamar mai renon jinjiri.

"Inna, gansakuka ce, amma ba irin ta kwata ba," in ji ta. "Mai ake tatsa a jikinta, wanda zai tada inji, da irin man kifi mai gyara ƙwaƙwalwa. Ta makaranta duk ta mutu, wannan ce kaɗai ta rage."

Na ce, "Ke tafi can! Kuɗin gorona ne ya ƙare a kiwon ƙazanta?" Ban sake saurarenta ba. Lokacin ban san ko bihim ba, amma bakina ya fi na kowa a layinmu.

Wata Alhamis ta je kasuwar Shasha sayo mini kayan miya, sai ihu ya tashi: wole-wole sun shigo! Su ne duba-garin Yarbawa, in suka ga ruwa kwance ka shiga uku. Na tuttule galan ɗin nan kaf a kwata, na bi su da ruwan omo, har ina yaba wa kaina.

Wata mata daga cikinsu ta shigo, ta karanta takardar da ke manne jikin galan, ta dube ni. "Ah, Iya! Aikin jarrabawa ne fa. Ai da ba mu taɓa ba."

Da yarinyar ta dawo ba ta yi kuka ba. Durƙusawa ta yi bakin kwata ta ce, "Inna, aikin wata bakwai." Da ma zagina ta yi.

Ta maimaita shekara. Gurbin ƙaro karatun da malaminta ya nema mata, wani ya samu. Yau waya take sayarwa a unguwar Mokola, kuma ba ta ƙara ambaton gansakuka a gabana ba.

Da furfurata na shiga ajin manya. Takardar jikin galan ɗin nan na fara karantawa da kaina, layin Hausa na ƙasa: "Don Allah kada a zubar."

Na koyi cewa rashin karatu ba shi ya cuce ni ba, don da baki ta gaya mini. Raini ne. Abin da ba ka gane ba, ka tambaya kafin ka ɗaga hannu.